Ƙananan Motocin Tseren Modified: Wasan Yara Ne Ko Adana Tarihi?

Me zai sa dattijo mai jikoki ya shafe wata uku ko huɗu a bakin tebur, tabarau a kan hanci, hantsaki a hannu, yana haɗa motar da tsawonta bai wuce taƙi guda ba? Motar ba ta tafiya, ba ta da batir, ba a ba yaro ita ya ja. Kuma ba Marsandi ba ce da kowa zai gane. Wata tsohuwar Ford ce ko Chevrolet ta shekarun 1930, an yanke mata madigadi, an cire gilasai, ƙofarta a lotse, ga ƙatuwar lamba a gefe. Wanda ya ci karo da hoton irinta a Facebook yakan ɗauka motar gaske ce. In aka ce masa ta roba ce, sai ya ce to ai wasan yara ne, kamar motar kara da muka yi muna ƙanana.

Hankali ya sake komawa kan asalin waɗannan motoci a ranar 2 ga Fabrairun 2025, lokacin da hukumar tseren motoci ta Amurka, NASCAR, ta kai tseren share fagen kakarta, wanda ake kira Clash, filin Bowman Gray da ke Winston-Salem a jihar North Carolina ta Amurka, inda Chase Elliott ya yi nasara. Da'irar filin rubu'in mil ce kacal, tana kewaye da filin ƙwallo, ana tseren NASCAR a kanta tun 1949, kuma motocin da suka yi mata suna a daren Asabar su ne waɗanda ake kira Modified. Su ne dattijon nan yake ƙera ƙananansu. A ganina aikin da yake yi ya fi kusa da na mai rubuta tarihi fiye da na mai wasa, kuma sai an san motar kafin a ga dalili.

Wace mota ce Modified?

Kalmar Turanci ce mai nufin abin da aka sauya wa fasali. A watan Fabrairun 1942 kamfanonin motoci na Amurka suka daina ƙera motocin farar hula, suka koma kayan yaƙi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sabuwar mota ta yi wuyar samu, babu mai ɗaukar tasa ya kai inda za a ragargaza ta. Abin da yake a yalwace shi ne tsofaffin motocin kafin yaƙi, musamman Ford mai ƙofa biyu da gajeren rufi ta 1937 zuwa 1940. Sai makanikai suka riƙa sayensu da araha, su kwashe kujeru da duk wani nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su ƙarfafa sifirin. A kudancin ƙasar wasunsu sun koyi wannan dabara ne daga gyara motocin masu fasa-ƙwaurin barasa, waɗanda ke buƙatar motar da za ta tsere wa jami'an haraji.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan rukuni ya girmi babban tseren NASCAR da ake nunawa a talabijin yau. Tseren farko da hukumar ta shirya, ranar 15 ga Fabrairun 1948 a bakin tekun Daytona, na Modified ne, kuma Red Byron ne ya cinye shi da Ford ta 1939 mallakar Raymond Parks. Rukunin sababbin motoci sai a 1949 ya fara.

Daga nan Modified ta zama motar talaka mai sana'ar hannu. Mai gareji, mai walda, direban babbar mota, su ne suka gina ta a bayan gida da dare bayan an tashi aiki, da kayan da suka tsinto a wurin masu sayar da ruɓaɓɓun motoci: gatarin baya daga wata motar ɗaukar kaya, lagireto daga wata, sitiyari daga wata. Wannan shi ne tushen duk wahalar mai ƙera samfuri, wato ƙaramar kwaikwayon motar. Babu kamfanin da ya fitar da motocin, saboda haka babu guda biyu da suka zama iri ɗaya, babu kuma zanen injiniya da za a koma a duba.

Gajeren fili ne ya ba ta siffarta

A tseren Amurka, gajeren fili shi ne da'irar da ba ta kai mil ɗaya ba. Stafford a jihar Connecticut rabin mil ne, Martinsville a Virginia ya ɗan haura rabin mil, Riverhead a jihar Niyok rubu'in mil ne. A irin wannan wuri mota kullum hagu take juyawa, kwana na bin kwana, kuma motoci ashirin ko fiye suna gogar juna. Duk abin da ido ke gani a jikin Modified amsa ce ga wannan yanayi.

Tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma, don motar ta riƙa karkata hagu da kanta, kamar yadda kofi mai faɗin baki ke yin da'ira in an gangara shi a ƙasa. An yanke madigadi don faffaɗar taya ta sami wuri, kuma don kada ƙarfe ya lanƙwashe ya yanka ta. Akwai bututun ƙarfe da aka yi wa walda a gefe tsakanin tayar gaba da ta baya, don kada tayar wani ta hau taka ta wurga ka sama. A ciki akwai kejin ƙarfe da ke kare direba in mota ta kife. A baya kuma akwai akwatin giya da ake buɗe murfinsa a sauya haƙora biyu cikin 'yan mintuna, domin motar da ta yi tsere a rubu'in mil daren Juma'a tana iya zuwa rabin mil ranar Lahadi.

Nan ne sabon shiga ke fara yin kuskure. Yakan ɗauki taya huɗu masu girma ɗaya ya dasa, ya daidaita komai tsaf a tsakiya, ya ga ta yi kyau. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin shingen fili kallo ɗaya zai yi mata ya ce wannan ba za ta iya kwana ba.

Sannan kalmar ta ƙunshi dangi da yawa. Akwai ta kwalta, mai ƙasa-ƙasa da faɗi, wadda aka tura nauyinta hagu, ita ce ta yankin New England a arewa maso gabashin Amurka, da tsibirin Long Island a jihar Niyok, da Virginia. Akwai ta filin ƙasa, mai tsayi, ta Pennsylvania da New Jersey da arewacin jihar Niyok, wadda daga baya direbanta ya koma zama a tsakiya. Babban taronta shi ne wanda aka fara a garin Syracuse a 1972, aka ci gaba da yi a can har 2015, Buzzie Reutimann mai lamba 00 ya ci na farko da na biyu. Akwai kuma wadda ƙungiyar shirya tsere ta IMCA ta ɓullo da ita a 1979 a jihar Iowa don rage tsada, ita ma Modified ake ce mata, amma wata halitta ce daban.

Zamani ma ya raba su. Shekarun 1950 na injin Ford mai silinda takwas da ake kira flathead ne. Bayan Chevrolet ta fito da ƙaramin injinta mai silinda takwas, V8, a 1955, sannu a hankali ya mamaye filayen, daga baya manyan injina suka biyo. Tsofaffin bodin 1930 sun riƙe fage har farkon shekarun 1970, lokacin da suka fara ƙarewa a wuraren ruɓaɓɓun motoci. A 1971 Bob Judkins ya kawo mota mai bodin Ford Pinto filin Stafford, kuma cikin 'yan shekaru Pinto da Chevrolet Vega da AMC Gremlin suka kori tsofaffin. Mai ƙera samfuri dole ya san a wace shekara yake tsaye, domin injin 1972 a cikin motar 1953 ƙarya ce ko da fentin ya yi ƙyalli.

Lissafin ɗaya bisa ashirin da biyar

Samfurin da ake magana a kai ba motar rimot ba ce, ba kuma motar ƙarfe da ake saye a haɗe a ɗora a kanta ba. Ana gina ta ne gaɓa-gaɓa a kan ma'auni, yawanci 1/25, wato kowane tsawo a jikin ta gaske an raba shi gida 25. Kamfanonin Amurka irin su AMT da MPC wannan ma'auni suka bi, Monogram da kamfanonin Japan irin su Tamiya kuma suka fi bin 1/24.

Ma'aunin 1/25 yana da wani sauƙi da masu aikin ke ji da shi: inci ɗaya a motar gaske ya yi daidai da kusan milimita ɗaya a samfuri. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Ford ta 1940 inci 112 ne, a samfuri ya zama santimita 11.4. Bututun keji mai kaurin inci 1.75 ya zama sandar roba mai milimita 1.8. Wayar fulogi ta koma siririn zare mai kusan kashi uku cikin goma na milimita. Bambancin 1/24 da 1/25 kashi 4 cikin ɗari ne kawai, amma a tsakanin tayoyin Ford ɗin nan ya kai kusan milimita 5, kuma wannan ya isa ya hana bodin wani kamfani zama a kan firam ɗin wani.

Akwai inda lissafin ke tona asirin roba. Bodin da ke zuwa a kwalin kayan haɗawa kaurinsa ya kai milimita ɗaya ko fiye, wanda in an mayar da shi girman gaske ya zama ƙarfe mai kaurin inci guda, alhali falankin bodin mota bai wuce milimita ɗaya ba. A motar gida ba a lura, domin gefunan a ɓoye suke. A Modified kuwa an yanke madigadi, an faɗaɗa taga, duk bakin yankan a fili yake. Shi ya sa ƙwararru ke zama su kankare cikin bodin da samfefa har gefen ya yi siriri kamar takarda. Aikin sa'o'i ne, kuma shi ne yake sa hoto ya ruɗi ido.

Abin da ke cikin kwali, da abin da babu

AMT ta fara ne a 1948 a jihar Michigan tana yi wa dillalan motoci ƙananan samfura na talla, daga 1958 kuma ta shiga sayar da su a warwatse don mai saye ya haɗa da kansa. A farkon shekarun 1970 ta fitar da jerin da ta kira Modified Stockers: ta ɗauki mazubin wasu motocin shekarun 1960, irin su Chevelle ta 1965 da Impala ta 1966, ta yanke musu bakin taya ta mayar da su na tsere. Wannan mataki har yau ana jin zafinsa, domin sauyin da aka yi wa mazubin na dindindin ne, masu son motar a yadda ta fito daga kamfani sun yi asararta. Su kuma masu son Modified ba su sami ainihin abin da suke nema ba, tun da waɗannan sun fi kama da motocin wani rukuni mai cikakken bodi. MPC ta fi kusantar gaskiya da Pinto da Vega ɗinta. Yanzu kamfanin Round 2 na jihar Indiana ne ke riƙe da sunayen biyu, yana sake fitar da tsofaffin lokaci zuwa lokaci.

Duk da haka kwali bai taɓa ba mutum motar wani direba takamaimai ta wani dare takamaimai ba. Dole ya yi abin da makanikan asali suka yi. Ya sayi kwalin Ford ta 1940 ko Chevrolet ta 1937 ta gida, ya sa zarto ya yanke madigadi, ya rage faɗin bodi in an rage a ta gaske. Ya ciro inji daga wani kwali, taya daga wani, akwatin giyar baya daga na uku. Abin da bai samu ba ya ƙera da sandunan roba da farantin roba da wayar tagulla: keji, bamba, bututun gefe, salansar da ke fitowa ta gefen inji. Wannan kamanceceniya tana burge ni ƙwarai. Mutumin da ya gina motar a 1960 ya yi yawon tsintar kaya a cikin ruɓaɓɓun motoci, wanda ke gina ƙaramarta yau yana tonon akwatin ragowar kayansa, kuma matsalar da suke warwarewa ɗaya ce, wato yadda za a sa kayan da ba a yi su don juna ba su zauna tare.

Lamba da rubutun jiki wata duniya ce. A zamanin da, mai rubutun allon shago ne ke zana su da buroshi, da sunan garejin unguwa ko gidan mai da ya taimaka da kuɗin taya. Mai samfuri yakan zana su a kwamfuta ya buga a kan takardar sitika ta musamman da ake jiƙawa a ruwa. Matsalar ita ce firintar gida ba ta buga farin launi, ga shi lambobi da yawa farare ne, don haka akwai masu ƙananan sana'a da aikinsu ke nan.

Me ya sa tsohon hoto ya zama komai

Motocin asali kaɗan ne suka tsira. Modified kayan aiki ce, in ta yi haɗari a gyara, in ta tsufa a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi ya sauya mata fenti da lamba, in ta gama yayi a yanka ta a yi amfani da ƙarfen. Filayen ma sun bi su. Langhorne a Pennsylvania ya rufe a 1971, Reading a 1979, Danbury a Connecticut a 1981, kuma kasuwannin zamani aka gina a gurabensu. Islip a Long Island ya rufe a 1984. Riverside Park a Massachusetts ya rufe a 1999, wurin shaƙatawa ya haɗiye shi. Ƙasar da ke gefen gari a 1950 ta zama tsakiyar gari mai tsada, maƙwabta kuma suka gaji da ƙarar inji.

Abin da ya rage sai hotuna, yawancinsu baƙi da fari, da takardun shirin tsere, da abin da tsofaffi ke iya tunawa. Kuma yawancin hotunan gefe ɗaya suke nunawa, ko dai daga inda 'yan kallo ke zama ko daga inda ake miƙa kofi. Mai samfuri zai iya samun hoto biyar na gefen hagu ya rasa ko ɗaya na baya ko na cikin mota. Sai ya shiga neman tsohon makanike ko ɗan direban ya tambaya: wane irin ja ne, mai duhu ko mai haske? Tankin mai a ina yake? Wannan tambaye-tambaye kansa yana ceto bayanan da da sun tafi kabari da masu su.

Ko shahararru ba su tsira daga wannan ba. Richie Evans na garin Rome a jihar Niyok ya ci kambun Modified na NASCAR sau 9, takwas daga ciki a jere daga 1978 zuwa 1985. Ya rasu a haɗari lokacin gwaji a Martinsville ranar 24 ga Oktoban 1985 yana da shekara 44, an kuma shigar da shi zauren karramawa na NASCAR a 2012. Kowa ya san motarsa ruwan lemo ce mai lamba 61. Amma lamba 61 ba mota ɗaya ba ce. Ya fara da tsohon bodi mai gajeren rufi, ya koma Pinto, ya ƙare da Chevrolet Cavalier, kuma a cikin kaka guda sitika da bamba kan sauya daga mako zuwa mako. Haka motar Len Boehler mai lamba 3 da ake kira Ole Blue, wadda Bugs Stevens ya ci kambu uku a jere da ita daga 1967 zuwa 1969. In haka abin yake ga waɗanda aka ɗauka dubban hotuna, ina ga direban da ya yi shekara goma yana tsere a ƙaramin filin ƙauye, bai taɓa shiga jarida ba? Sau da yawa samfurin da wani ya gina wa iyalansa shi ne kaɗai siffar motar da jikokinsa za su taɓa gani a tsaye.

Inda masu aikin suka saɓa

Saɓani na farko tsakanin masu bin tarihi ne sak da masu gina ta ra'ayi. Na farko ba sa sa noti sai sun gan shi a hoto. Na biyu suna cewa ruhin Modified shi ne kowa ya gina tasa, don haka suna ƙirƙirar lamba da launi da sunan gareji, muddin motar ta dace da zamaninta. Ban ga laifin kowane ba. Inda nake da ja shi ne a gina ta ra'ayi a liƙa mata sunan direban gaske ba tare da an faɗa ba. Hoton samfuri yana yawo a intanet fiye da tsohon hoton asali, bayan 'yan shekaru wani zai ɗauke shi hujja ya kwaikwaya, kuskure ya zama tarihi.

Na biyu shi ne tsabta da datti. A gasannin da alƙalai ke ba da maki, irin na IPMS, ƙungiyar masu ƙera samfuran roba ta duniya, ana duba santsin fenti da ɓacewar alamar gam da daidaiton taya. Amma Modified ta gaske, ban da ranar farko ta kaka, ba ta da santsi. Tana da baƙin zoben taya a ƙofa, lotsawar da aka buge da guduma, fentin da bai dace da na jiya ba, jar ƙasa a gaban lagireto. Ni ina tare da masu sa dattin, da sharaɗin ya zama a inda fili ke sa shi. Wasu taruka, kamar NNL East a New Jersey, sun kauce wa rigimar ta hanyar barin mahalarta su zaɓi abin da ya burge su.

Na uku shi ne sabo: firintar 3D, wadda ke buga abu a tsaye da jikinsa. A da, wanda ke son ƙafar taya mai noti biyar a warwatse, irin ta Ford ta 1936 zuwa 1939 da masu tsere suka daɗe suna amfani da ita, sai ya jira mai zuba kayan rezin, wani ruwan roba mai daskarewa a mazubi, ya aiko masa, ko ya sassaƙa da hannu. Yanzu ana zana ta a kwamfuta a buga. Tsofaffin hannu suna ganin ana rasa sana'ar zarto da samfefa. Matasa suna cewa bodin da babu kamfanin da zai taɓa fitarwa yanzu ya samu. Duka biyun gaskiya ne, sai dai na lura firinta ba ta rage wahalar bincike ko kaɗan ba. Wanda bai san yadda motar take ba zai buga kuskurensa ne da kyau.

Ga mai son gwadawa

Kayan farawa ba su da yawa: kwali ɗaya, wuƙa mai kaifi, ƙaramin zarto, samfefa mai laushi, gam ɗin roba, fenti. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su haɗe, saboda haka ba ya kama rezin ko ƙarfe, waɗannan sai sufa-gulu. Ƙurar rezin tana cutar da huhu, a jiƙa samfefa kafin a goga, a kuma sa takunkumi. Fentin feshi a yi shi a inda iska ke shiga, nesa da wuta da yara.

Wanda ke Kano ko Maraɗi zai gamu da abin da ɗan New Jersey bai sani ba. Kwalin daga waje za a yi odarsa, da dala, kuma kuɗin aikowa kan yi gogayya da kuɗin kayan. Ƙurar hunturu tana sauka a kan ɗanyen fenti cikin daƙiƙu, sai an kifa roba ko kwali mai tsabta a kai da zarar an fesa. Bodin da aka bari a cikin mota a rana ta watan Afrilu zai iya lanƙwashewa.

Kafin a yanka komai, a zaɓi mota ɗaya, fili ɗaya, shekara ɗaya, a tara duk hoton da za a iya samu. In an gama, a rubuta ɗan kati a ajiye a gindinta: sunan direba, filin, shekarar, da jerin wuraren da babu hotonsu aka yi hasashe, misali cikin mota ko launin firam. In wata rana wani ya zo da hoton gefen da ba a gani ba, sai a cire bodin a gyara, a sauya katin.